Muryar Maharazu

Muryarsa Hure ta fara sani kafin fuskarsa. A shekarar da gubar dalma ta yi ta kashe yara a Abare, Maharazu, wani saurayi ɗan Gummi, shi ke zagaya gari da lasifika yana roƙon mata su daina daka dutsen zinari a cikin gida. Ranar da ya tsaya ƙofar gidansu neman ruwan sha, ita ta miƙo masa kwano. Da ya ji ƙannenta biyu aka binne a daminar nan, sai ya zauna ya yi wa Innarta gaisuwa kamar ɗan gida. Tun daga nan take kiransa Mai Lasifika, shi kuma Hurena.

Mahaifinta, Malam Dodo, bai so ba. Ya ce surutu ba sana'a ba ne, ga Tanko mai injin niƙa dutse yana nema. Aka ɗauki shekaru ana ja.

Sai Maharazu ya ɗauke ƙafa. In ta kira, a ɗaga wayar a yi shiru. Tanko ya baza cewa Maharazu ya yi aure a Gummi. Hure ta rame, ta daina fita tsakar gida.

Wata ranar Laraba saƙo ya shigo:

"Hurena, ni ne nake ɗagawa, ina jin ki. 'Yan bindiga sun tare mu a hanyar Bukkuyum, harsashi ya bi ta wuyana. Murya ta tafi. Ni na hana a faɗa miki. Ki auri wanda zai iya amsa miki sallama."

Ta yi kuka har ya ishe ta, sannan ta rubuta:

"Mai Lasifika, ba ka da izinin zaɓa mini miji. Yaushe za ka koma asibiti?"

Ranar da zai koma, Inna da kanta ta raka ta asibitin a Sakkwato. Likita ya zura wata siririyar roba mai kyamara ta hancin Maharazu har maƙogwaro. A kan allo wasu siraran tsokoki biyu farare suka bayyana, kamar bakin ƙofa mai murfi biyu. Likitan ya bayyana musu cewa iskar huhu ke bi ta tsakaninsu, su haɗu su yi rawa, sannan harshe da leɓɓa su mayar da ƙarar magana. Ya ce Maharazu ya gwada kiran wani.

Leɓɓansa suka yi sunanta. Tsokar dama ta miƙo har tsakiya tana karkarwa, ta hagu na kwance ba motsi. Iska kawai ta fito.

Harsashin ya tsinke jijiyar, in ji likita. Da horo zai samu raɗa mai kaushi, amma tsohuwar muryar ba za ta dawo ba. Maharazu ya kau da kai. Hure dai ba ta ɗauke ido daga allon ba.

A gida Malam Dodo ya ce ba zai ba bebe ɗiyarsa ba, ana ma cewa sammu ne.

"Ni na gani da idona, Malam," in ji Inna. "Ɓari guda ya mutu, gudan na ta miƙewa shina son kiran ɗiyarka. Wanga yaro ba ya da laifi."

Aka yi kwana da kwanaki. Daga baya Malam Dodo ya aika Gummi a turo manya.

A Anka, babban garin yankinsu, aka ɗaura auren, ba kiɗa, don rabin dangi sun watse gudun hijira. Da aka shafa fatiha, Maharazu ya durƙusa gaban surukinsa yana motsa baki. Tsohon ya sunkuya har kunnensa ya taɓa leɓɓan angon, ya daɗe a haka.

"Na ji ka, ɗana," ya ce. "Allah shi ba ku zaman lafiya."