Zaren Awon Dantse

Ana tsuga ruwa Faruku ya watso kayan Zakiyya waje, tabarma da tukunyar kunu da ɗan zaren nan mai launi uku, mata na leƙe ta saman darni. Wayyo duniya! Shekara ɗaya ke nan da rasuwar mijinta, yau ga wan mijin yana kiranta mayya a bainar jama'a.

"Yaya, ka ji tsoron Allah... mi na yi maka?"

"Hita! Wa aka aunawa in ba gawa ba? Kin auna ɗan Rukaiya, kwana huɗu muka kai shi kushewa!"

Ga laifinta, in laifi ne. Magajin garin Gazawa ya gaji da ganin yara masu tamowa kwance a likita kowace damina, sai hukuma ta ɗauki mata a ƙauyuka su tari abin tun daga gida. Zakiyya na cikinsu. Gida-gida take bi tana naɗa zaren a dantsen yaro, kore lafiya, ja kuwa a garzaya likita, tana koya wa uwaye kunun gero da ƙuli-ƙuli da zogale. Yara suka murmure. Shi kuwa Faruku da babur ɗinsa yake kai marasa lafiya Gazawa, sai ya wayi gari babur na shan inuwa, kuɗin hayar da yake samu suka yanke. Ɗan Rukaiya ma ja Zakiyya ta gani, ta yi roƙo har da hawaye a kai shi, uban ya ce sai an gama noma.

Ƙofofi suka rufe mata. In ta doso rijiya uwaye su janye 'ya'yansu, gaisuwarta ma ba a amsawa, kuma wannan ya fi korar yi mata ciwo. Gogo, tsohuwar da take sayen nono wurinta, ita ta ja ta zuwa ruga.

"Share hawaye, ɗiyata. Mu ba mu ga maita ba. Ga jikokina, auna."

Zakiyya ta yi kuka har ta gode Allah, ta ce, "Ya Rabbi, Kai ka san zuciyata, ka wanke ni!" Washegari ta ɗora tukunyar kunu don yaran ruga.

Da kaka magajin gari ya zo ƙofar mai gari tare da malamar likita, don a ga ko aikin ya yi amfani. Malamar ta ce tun da aka kori Zakiyya yara sha bakwai aka kwantar daga ƙauyen nan, daga ruga kuwa ko ɗaya! Sai ga Safina, matar Faruku, ta keto taro da ɗanta Auta a kafaɗa, wuyansa ya langaɓe.

"Ni na yaɗa maganar, shi ya sa ni! Ya ce kin kashe mashi kasuwa... Zakiyya, don Allah ki auna mani shi!"

Mai gari ya tsayar da Faruku tsakar rana, ya sa ya janye kalmar nan da bakinsa sau uku, ya kuma yanke cewa gidan marigayi na Zakiyya ne. Mutane suka dinga tofar da yawu, waɗanda suka rufe mata ƙofa kansu a ƙasa. Ita kuwa ko kallonsu ba ta yi ba. Ta durƙusa ta naɗa zaren a dantsen yaron, hawaye na ɗiga bisa zaren. Ja ne.

Ta ɗago ta dubi Faruku.

"Yaya, ɗauko babur ɗin. Yau ɗanka za ka kai."