Jarrabawa A Bayan Shagon Habibullah

"Mama kin kashe ni! Wallahi kin gama da ni!"

"Ni Ɗijatu? Daga kawo miki shayi sai kisan kai?"

"Ba shayin ba ne Mama... gaisuwar! Wa ya ce ki gaishe shi?"

Mama ta dire tiren a kan darduma ta riƙe ƙugu. "Ikon Allah! Mutum yana magana a cikin ɗakina tun safe, ina jin muryarsa, sai in wuce shi kamar kututture? Ba haka aka raine ni a Fagge ba."

Na kifa kaina a kan kwamfutar na fashe da kuka.

Bari in yi muku bayani, kada ku ce Nazifat fitsararriya ce mai ɗaga wa uwarta murya. A nan Sabha, a ƙasar Larabawa, na girma, unguwar Manshiya, inda Babana Alhaji Rabe ya yi shekaru yana sayar da yadi. Wata rana 'yan damfara suka sace masa lambar wayarsa ta hira, suka riƙa bin abokan cinikinsa suna roƙo da sunansa. Kunyar da na gani a fuskarsa ranar ita ta jefa ni karatun tsaron kwamfuta. Daga nan na zarce da koyon yadda kamfanoni ke ajiye bayanansu a manyan na'urori na nesa, su riƙa isa gare su ta intanet. Kilawud ake ce masa. Mama kuwa "karatun gajimare" take cewa, ta kuma ce ba ta taɓa ganin ya zubar da ko ɗigon ruwa ba.

Bara Allah ya yi wa Baba rasuwa. Iƙamarmu, takardar zaman ƙasa, da sunansa take. Mama ta gama takaba ta ce ita kam Kano ta yi kira, yayyena duk suna can.

Ni kuma zuciyata tana nan, a wani ɗan shagon gyaran waya da ke bakin titinmu.

Habibullah ke nan. Iyayensa mutanen Damagaram ne, amma a unguwar Tayuri ta nan Sabha aka haife shi, kuma can yake jinyar mahaifinsa da ƙafa ta hana tashi. Ba inda zai iya zuwa. Da ya nuna yana sona da aure, Mama ta yanke magana ɗaya.

"Ba zan bar autata a ƙasar mutane ba takarda, ba sana'a, ta zauna tana jiran abin da gyaran waya zai kawo ba. In wannan sharikar, kamfanin da kika nemi aiki, ta ɗauke ki ta yi miki iƙama, na yarda ki zauna. In ba haka ba, ƙafata ƙafarki."

Sharikar kuwa, wadda ke kula da bayanan wasu asibitoci masu zaman kansu, ta ce tana sona, amma sai na kawo shaidar cin jarrabawar kilawud kafin wata ya mutu.

Ita jarrabawar a gida ake yi. Ka kunna kyamara, wani mai sa ido daga wata duniya yana kallonka. Ka nuna masa kowane lungu na ɗakin. Ba mai shigowa, ba magana, ba waiwaye. Na gaya wa Mama wannan har bakina ya gaji, ta ce ta ji.

Ina tsakiyar amsa tambayoyi sai ƙofa ta yi ƙiii. Mama ta shigo da sanɗa, wai don kada ta dame ni, ta ajiye shayi, sannan ta leƙo fuskarta daidai kyamara ta russuna kaɗan.

"Sannu da aiki malam. Ya iyali? A yi mata sassauci, marainiya ce."

Nan take allon ya yi fari. An soke.

Da la'asar na tsaya a ƙofar shagon Habibullah idona kamar garwashi. Da ya ji labarin sai ya juya mini baya, kafaɗunsa suna rawa.

"Dariya kake yi?"

"Ni? A'a walla... tari ne."

"Habibi, za a tafi da ni Kano, kai kana tari!"

Ya juyo yana share ƙwalla. "Yi haƙuri hasken idona. 'Ya iyali' ɗin ce ta kayar da ni." Sai kuma ya natsu. "Za su bari ki sake?"

"Sau ɗaya kafin wa'adin. In wannan ta faɗi, shi ke nan."

"To ki yi ta a nan. Ɗakin bayan shago ba kowa, ga rezo na intanet mai ƙarfi daga eriyar da na kafa a saman rufi, ga batirin sola. Gidanku ko Mama ba ta shigo ba, kuran, wutar gari, na iya ɗaukewa."

"Kai ma ka san Mama ba za ta yarda in shiga ɗakin saurayi in rufe ƙofa ba."

"Ni zan roƙe ta."

Na dube shi sama da ƙasa. Wannan mutumin da in ya hango Mama daga nesa sai ya tsallaka titi ya sunkuyar da kai kamar ya yar da allura? Ita ma ba ta taɓa kama sunansa ba, "yaron nan mai waya" take cewa.

Amma ya zo. Ya cire takalmi tun daga soro, ya durƙusa can nesa, gumi yana bin wuyansa, ya yi bayani da murya kamar ta mai zazzaɓi.

Mama tana kallon bango ta ce, "Na ji. Zan shiga in zauna a gefe, ba zan ce uffan ba."

"Mama!" na ce.

"To me? Na rantse ba zan gaishe shi ba!"

Habibullah ya ƙara sunkuyar da kai. "Hajiya, ko inuwar mutum suka gani sokewa za su yi. Amma ga shawara. Ke za ki duba ɗakin da kanki, ki kulle ta daga waje, makulli ya zauna a hannunki. Ni kuma ina waje inda idonki zai riƙa ganina har ta gama."

Mama ta ce da bangon, "A gaya masa na yarda."

Ranar jarrabawa da hantsi muka isa. Mama ta binciki ɗakin nan fiye da yadda mai sa ido zai bincika, har ƙarƙashin tebur ta leƙa. Ta tofa mini addu'a a ka, ta fita, na ji makulli ya yi ƙaras. Ta ƙaramar tagar sama ina jiyo ƙarar kujeru, ita a wannan gefen ƙofa, shi can ƙarshen rumfa. Ko tari ba wanda ya yi.

Na nuna ɗaki, na nuna fasfo, aka buɗe mini tambayoyi.

Ta farko ta zo da sauƙi: wa ya kamata a ba izinin shiga rumbun bayanai, wa za a hana. Na ce a raina, Mama ya kamata a fara hanawa. Na danne murmushi na ci gaba. Tambayoyin ɓoye bayanai, na raba ajiya a wurare daban-daban don kada gobara ɗaya ta cinye komai, na yadda ake gane baƙon hannu ya shiga na'ura... duk abin da na kwana biyu ina haddacewa ya riƙa zuwa kamar an kira shi.

Na wuce rabi ke nan fanka ta tsaya. Wutar gari ta ɗauke.

Batirin sola ya karɓa, fitilar ɗakin ta dawo. Na sauke ajiyar zuciya. Sai na ga wani ɗan da'ira yana juyawa a tsakiyar allon, da rubutu a ƙasansa cewa sadarwa ta yanke, in ba ta dawo da wuri ba za a rufe jarrabawar.

Innalillahi!

Ashe eriyar da ke saman rufi ba a kan batirin take ba, a layin wutar gari Habibullah ya jona ta tun farko, ya kuma manta. Ni dai ban san wannan ba a lokacin. Abin da na sani shi ne ba ni da ikon tashi, ba ni da ikon kira, ko kaina ba ni da ikon juyawa, domin kyamarar tana ci gaba da ɗauka. Na kafa wa da'irar nan ido ina jin Kano tana matsowa.

Sai na ji gudu a waje, da ƙarar ƙarfe yana jan ƙasa.

"Kai, wannan tsanin ai ƙafarsa ɗaya a karye take!" Muryar Mama ce.

"Ba komai Hajiya, zan lallaɓa..."

"Da wannan uban batirin a kafaɗa? Ka faɗo ka karye in ce wa mahaifinka me? Kawo nan in riƙe!"

"Hajiya, ai da kunya..."

"Kunyar me? 'Yata na ciki! Hau, Habibullahi, na riƙe! Taka a hankali ɗan nan!"

Jama'a, Mama ta kama sunansa! Dariya da kuka suka taso mini lokaci guda, kuma ba halin yin ko ɗaya. Na cije leɓe har na ji ɗanɗanon jini, na daskarar da fuskata kamar hoton fasfo.

Rufin ya yi ƙara a saman kaina. Da'irar ta juya, ta sake juyawa... sai tambayata ta dawo daram inda na bar ta. Mai sa ido ya rubuto cewa in ci gaba.

Na ci gaba. Kaina a buɗe yake. Can sama-sama ina jiyo Mama tana magana ƙasa-ƙasa, da alama ta tuna kashedina.

"Me ya hana ka saukowa?"

"Bakin wayar da ta haɗa batirin da eriya ya saki Hajiya. In na cire hannu zai yanke."

"A wannan ranar? Kwanon rufin nan ai ya isa gasa gurasa!"

"Ta kusa gamawa in sha Allah."

Wanda bai san ranar Sabha da tsakar rana ba, ba zai gane abin da yaron nan ya yi ba. Ni na sani. Kowace tambaya na amsa, sai na ji kamar ina sauke masa dutse ɗaya daga ka. Ban tsaya sake dubawa ba, na yi bismillah na danna gamawa.

Allon ya yi ɗan jim. Sannan ya nuna na ci.

Na jira mai sa ido ya sallame ni, na rufe kwamfutar, na ruga na hau dukan ƙofa. "Mama buɗe! Mama na ci! Na ci!"

Makullin ya yi ƙaras. Da ƙofar ta buɗe sai ga Mama, mayafi ya zame, tafin hannunta duk tsatsar tsani. Na faɗa jikinta ina tsalle kamar ƙaramar yarinya.

"Mabruk Nazi!" aka ce daga sama. Habibullah ne ya leƙo, fuskarsa ta yi jawur, leɓensa ya bushe, amma haƙoransa duk a waje. "In saki?"

Na ce, "Saki mana, sarkin mantuwa! Wa ke jona eriya a wutar gari a Sabha?"

"Wanda soyayya ta ɗauke wa hankali!"

"Kai, a gabana?" in ji Mama.

Ya yi wuf ya janye kansa. Muka tuntsire da dariya, har da masu shagunan gefe da hayaniya ta fito da su.

Da na ɗago in dubi Mama sai na ga hawaye yana bin kumatunta, ba irin na dariya ba.

"Mama... lafiya?"

Ta shafa fuskata da hannun nan mai tsatsa. "Auta, tun da na kulle ƙofar nan nake jan carbi Allah ya ba ki sa'a. Ina roƙo ina sane cewa in aka amsa mini, ni kaɗai zan hau jirgi."

"To ki zauna Mama! Ko ni in bi ki, wallahi na fasa..."

"Rufe mini baki. Ni na riƙe tsanin nan da hannuna, ba wanda ya sa ni."

Habibullah ya sauko a hankali, yana hura tafin hannunsa da ya yi bororo. Ya durƙusa can nesa kamar kullum. Wannan karon Mama ba ta kalli bango ba, shi ta kalla.

"Matso nan. Ka gaya wa mahaifinka ya turo magabata wannan Juma'ar, ina so in ga ɗaurin auren da idona kafin in tafi." Ta kamo hannuna ta matse. "Ita ce ta ƙarshe da ta rage mini a ɗaki, Habibullahi. Na bar maka ita amana."