Inuwar Madacin Masu Jego

Gatari na kafaɗar Yusha'u lokacin da Altine ta sha gabansa, ta tsaya tsakaninsa da madacin, jaririn yayarta Hauwa goye a bayanta.

"In za ka sare shi, fara da ni."

"Haba sanyin idona... don wa nike saran nan in ba don ke ba?"

Ai gaskiya ya faɗa.

Ku da ba ku san Wara ba a shekarun da muke ƙarƙashin Sakkwato, bari ku ji. Da ruwan Kainji ya ci tsohon gari, sai aka zuba mutane a ɗakunan siminti, fili fetal, ko tsiro babu. In bazara ta yi, ɗakin nan tanda ne. Jarirai su yi ta kuka, ƙuraje su feso, masu ciki ƙafa ta kumbura, barci ya gagara. Madacin nan kaɗai ya rage a unguwar Sarkawa masunta. A inuwarsa ake shayarwa, a nan ake kitso, a nan ake cin naman wadda ba ta fito ba. Ita kanta Hauwa, ɗanta na fari a zafin bara ya tafi, shi ya sa wannan ba ya yini a ɗaki.

Shi kuwa Baba Wakili, mahaifin Altine, ya kafe a kan al'adar masunta: wanda bai da jirgin kansa ba a ba shi mata. Yusha'u maraya ne, a jirgin haya yake su. Mai unguwa ya ji tausayinsa, ya ce ga madaci nan, ya sare ya sassaƙa jirgi. Ga kuma Maikuɗi mai jirgin inji yana ta aiko da giwan ruwa gidan, Baba na karɓa yana washe baki.

Yusha'u ya dubi jaririn, ya dubi matan da ke zazzaune a kan tabarmi. Ya sauke gatarin a hankali.

"Shi ke nan. Na bar shi."

Ya juya zai tafi.

Nan fa Altine ta bi bayansa da sauri.

"Tsaya... haka nan kawai? Ko musu babu?"

"Ba ke kika ce ba?"

"Ni na ce, amma... wato itace ya fi ni ke nan?"

"To in sare?"

"Kada ka kuskura!"

"Altine, mi kike so?"

Ta fashe da kuka, jaririn ma ya taya ta. Wallahi ita kanta ba ta sani ba.

A gida ta kwanta rub da ciki. In ya sare, mugu ne. In bai sare ba, ya sallama ta ga Maikuɗi. Inna na tankaɗe tana jin Baba Wakili daga zaure yana cewa, "Yaro ya zaɓi itace, sai ya aure shi. Wata inuwa can, mu da munka girma a rana mun mutu?"

Mayafi kawai Inna ta ja ta fita.

Washegari da hantsi, Baba na kishingiɗe a zaurensa na jinka, wanda ya gina wa kansa don sanyi, sai ga Hauwa da tabarma.

"Baba, an ce ka fi son a sare madaci. Shi ne munka zo mu saba da nan tun yanzu."

Kafin ya miƙe, masu jego sun cika zauren, masu ciki na biye suna nishi. Wannan na kuka, wancan ya tsula masa fitsari a buzu, wata ta shanya tsummoki a kan komarsa ta kamun kifi. Abokan hirarsa suka leƙo, suka koma da baya. Dattijo ya tsere ɗakin siminti. Ba a jima ba ya fito jage-jage da gumi, hula a hannu.

"A ɗakin nan yara ke yini?"

"A nan jikanka na fari ya yini," in ji Inna.

Da aka kira la'asar, sai Baba ya ce a kira masa Yusha'u.

"Tsohon jirgina na nan bakin ruwa. Yana yoyo. In ka iya toshe shi, naka ne. Ita ma ka kwashe ta, ta ishe ni da kuka."

Bayan biki ango ya ɗauki amarya yawo a tafki. Yana tuƙi, ita tana kwarfar ruwa da ƙwarya, lallenta na wankewa.

"Masoyi... da ban tare ka ba, da ka sare?"

"Da na sare."

"Mugu."

"Da na bari kuma kin yi kuka."

"To ai dole in yi."

Ya girgiza kai ya ci gaba da tuƙi.

Da bazara ta zagayo, an ga Altine a gindin madacin, ciki ya yi gaba, ƙafa a miƙe, tana sharɓar barci baki buɗe. Yusha'u kuwa na gefe yana ban ruwa ga 'yan dashen darbejiya da ya jera, ya ce kada wani yaron ya sake shiga irin ukun da ya shiga.