Tabon da Gashi Bai Rufe Ba

Malama na zaune a falo ta jingina da filo uku, hannayenta danne a ƙarƙashin cinyoyinta don kada su kai ga goshi. Kwana huɗu ke nan da yi mata dashen gashi, ɓawo ya fito baƙi-baƙi a kan kowace ƙwayar gashi, ga ƙaiƙayi kamar ta yi hauka.

"Injiniya, don Allah feso min ruwan nan, zan mutu!"

Mijin ya taso da 'yar kwalbar ruwan gishirin da aka ba su a asibiti, ya fesa mata a hankali. "Sori, saura kwana shida. Likita ya ce ko farce kada ya taɓa, da kansa ɓawon zai zube."

Abin da likitan ya faɗa ai ya fi haka. Ya ce kitso mai tsauri ne ya cinye mata gaban kai, kuma gashin ƙeyar da aka ɗebo aka dasa mata a goshi ba shi da yawa, in ya lalace babu na biyu. Mai kitson kuwa ba kowa ba ce illa Mama, mahaifiyar Injiniya, wadda ke da shagon kitso a bakin titi. Shekara biyar tana zaunar da surukarta duk sati biyu, ta ja ƙanana-ƙanana har idon mutum ya ɗage, wai ƙauna. Duk sanda Malama ta yi kuka sai mijin ya ce, "Ki yi haƙuri, kada ranta ya ɓaci." Ko yanzu ma ce wa Mama ya yi ƙuraje ne ake magani. Namiji har namiji, amma gaban uwarsa bakinsa ɗinke yake.

Sallama suka ji, sai ga Mama da jakar aikinta. Tana ganin goshin ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Wannan wace irin ƙazanta ce? Kai, haka ka bar min 'ya da datti a kai?"

"Mama, likita ne ya ce a bar..."

"Likita! Shekara talatin ina taɓa kan mutane, wani yaro da farar riga zai koya min? Zo nan 'yata, in jiƙa da mai in kankare miki."

Ta zaro matsefi mai tsini. Malama ta kalli mijinta, idonta na roƙo. Kalma ɗaya take jira. Shi kuwa ya sunkuyar da kai yana juya kwalbar a hannu, wai shi mai biyayya. Ita kuma ina ta ga fuskar ture hannun uwar miji? Haka ta zauna a ƙasa.

Kankara ɗaya, biyu, uku. A ta huɗu Malama ta ƙwalla ƙara, jini ya gangaro ta gefen gira ya ɗiga a kan rigarta.

"Mama, tsaya! Dashe ne — gashi aka dasa mata!"

Sai yanzu. Sai da jini ya zuba bakin Injiniya ya buɗe.

A asibiti likita ya duba da fitila ya girgiza kai. Ya ce na gefen hagu an tuge su da saiwa, wuri kamar faɗin kwabo, ba za su dawo ba. Sauran za su rayu in an kiyaye.

A mota Injiniya ya fara, "Malama, sori, wallahi ban..."

"Riƙe sorinka! Ba gashin nake wa kuka ba. Ita Mama ba ta sani ba, kai ka sani. Kana tsaye da ƙafafunka biyu, ina kallonka kana kallon kwalba. Na tsane ka a wannan lokacin, wallahi na tsane ka."

Ya sauke ta a gida ya wuce shagon Mama, ya jira ta ƙarshen da ake yi wa kitso ta fita, ya durƙusa ya faɗa mata komai: kitson, shekara biyar ɗin, da ƙaryar ƙurajen. Mama ta miƙe tsaye.

"Au, hannuna ne annoba? Fita! Je ka wajen wadda ta fi ni!"

Wata bakwai ba ta taka gidansu ba, ba ta ɗaga wayarsa. Shi bai fasa zuwa gaisuwa ba ko da ƙeya za a juya masa. A gida kuwa kullum da safe shi ke kaɗa kumfar shamfu a kofi, ya ɗora mata da tafin hannu ba gurzawa, ya zuba ruwa mai ɗumi kaɗan-kaɗan. Malama na miƙa kai, amma ba ta kallonsa. Ɓawo bai zube ba sai a kwana na goma sha biyu. Gashin ma ya bi shi, ta yi kuka, likita ya ce haka yake, saiwa na ciki. A wata na huɗu sabo ya fara tsirowa, ita ma ta fara amsa masa magana fiye da "to".

Wata ranar Asabar Mama ta zo, babu jaka. Ta tsaya ta daɗe tana kallon gashin da ya cika gaban goshin, da ɗan wurin nan na hagu mai sheƙi. Ta miƙa yatsa, sai ta tsaya.

"In taɓa?"

"Taɓa, Mama."

Ta shafa, hawaye na zubo mata. "Aikina ne wannan. Ki yafe min 'yata. Da an faɗa min tun shekarar farko, ai da na sassauta hannu."

Malama ta rungume ta, amma mijinta take kallo ta saman kafaɗar tsohuwar. Haƙurinta ya dawo mata da gashi, ya dawo mata da uwa. Shi kuma ya gane, a makare, cewa ɓoye wa mahaifiya gaskiya ba biyayya ba ce, tsoro ne, kuma matarsa ce ta biya da jininta. Har yau in ta taje kai ba ta rufe wurin, kuma duk safiya sai ya gani.