Aljanin Ƙarƙashin Teburin Doña Benita

Kun taɓa jin dutse ya sauka a kan rufin kwano, kuka kasa kunne ku ji gangarowarsa, amma shiru? Haka abin ya fara a gidan Doña Benita Cauich, a wata yamma da ba ta da bambanci da sauran. Rana ta faɗa bayan itatuwan gwanda, kaji sun hau makwanci, Benita tana tsakar gida tana wanke kokwambar da za ta sayar washegari. Mijinta Don Fausto ya jingine kekensa na haya mai ƙafa uku, ya miƙe a ragar kwanciya. 'Yarsu Yamili, wadda ke ajin ƙarshe na firamare, tana wankin rigar makaranta a bakin famfo.

Dutsen ya sauka da ƙara, ya tsaya cak a inda ya sauka.

"'Ya'yan maƙwabciyarmu Chela ne," in ji Fausto daga cikin raga. "Ranar da na kama ɗaya, sai uwarsa ta kasa gane shi."

Ya leƙa titi, babu kowa sai kare kwance. Yana dawowa na biyu ya faɗo, wannan karon a tsakiyar ɗaki, ga ƙofa a rufe, ga rufi babu huda. Farin dutse ne irin na dajinmu. Benita ta ɗauka, ta ji shi da ɗumi kamar yanzu aka cire shi daga tafin hannun wani. Ta san daga inda ya fito.

Tun Yamili tana goye Benita ke riƙe da teburin sayar da kayan ƙwalama a cikin makarantar gwamnati ta garinmu, a nan tsakiyar yankin Yucatán. Da wannan teburin ake ci a gidan, domin keken Fausto rabin shekara yana wurin gyara. Ranar da ta karɓi teburin, tsohuwar da ta riƙe shi kafin ita ta ja ta gefe, ta nuna mata ƙasa da haɓa.

"Akwai mai wuri a nan, 'yata. Ya riga makarantar zuwa. In kin tashi, ki bar masa nasa."

Ƙananan aljanun nan ne da muke kira alush, masu gadin gonaki tun zamanin kakanni. Benita ta bi umarni. Kullum in yara sun watse, sai ta ajiye alewa ɗaya da ragowar lemon kwalba a ƙarƙashin tebur. Da safe babu alewa, kwalba kuma a bushe. Shekara da shekaru ɓera bai taɓa mata kaya ba, ɓarawo bai taɓa fasa mata kwaɗo ba.

Sai doka ta zo. Shugabar makaranta, Malama Ofelia, ta kira ta ofis ta yi mata bayani: duk abin da ke da baƙin tambarin gargaɗi a jikin ledarsa ko kwalbarsa, ba zai ƙara shiga harabar makaranta ba. Babu lemon kwalba, babu alewa, babu soyayyen dankalin leda. Benita ba ta yi gardama ba. Ciwon suga ne ya cinye ƙafar mahaifiyarta kafin ya kai ta kabari, kuma da idonta take ganin yara 'yan aji ɗaya da ruɓaɓɓun haƙora. Ta kwashe kayan, ta koma yanka kankana da gwanda da kokwamba mai barkono. Ranar farko da ta tashi, ta ajiye wa mai wuri yankan kankana mafi ja.

Da safe ta tarar an tattake shi. Sawun da ke jiki bai fi na jariri ba.

Yaran ma ba su fi shi son kankanar ba. Ikon Malama Ofelia a shingen waya ya ƙare, kuma a bayan shingen maƙwabciyarsu Doña Chela ta kafa laima. Da an kaɗa ƙararrawar tara, sai yara su wuce teburin Benita a guje, su manne da waya, kwalabe da ledoji suna shigowa ta ramuka.

"Comadre, ƙawata, yaya asibiti?" Chela takan ɗaga murya. "In marasa lafiyarki sun gama shan magani, ki turo min su su ci abinci!"

Jifa ta ci gaba a gida. Kullum da faɗuwar rana take farawa, daidai lokacin da mai wuri ya saba shan alewarsa. Daga baya aka fara jin fito a bayan ɗaki, siriri, kamar na yaro mai kiran kare. Sai kuma wata ƙara da ta fi jifar tayar da tsigar jiki: ƙarar buɗe kwalbar lemo, tsss, a hankali, daga kusurwar da babu kowa. Fausto ya daina zagin 'ya'yan Chela. Ya koma shigowa gida da wuri, yana zama kusa da fitila.

Wata magariba aka nemi Yamili aka rasa. A ƙarƙashin teburin cin abinci uwarta ta same ta, ta dunƙule, ta rungume gwiwoyi, idanunta a buɗe ba ƙiftawa.

"Yamili, fito mana. Me kike yi a nan?"

Yarinyar ta juyo a hankali. Muryar da ta fito daga bakinta ta tsoho ce, busasshiya kamar karan masara.

"Ina nawa?"

Daga ranar Yamili ba ta ƙara saka loma a bakinta ba. Da rana tana kwance kamar mai zazzaɓi, da yamma ta rarrafa ƙarƙashin tebur. A asibiti aka auna ta, aka ce jininta lafiya, aka ba ta maganin ƙarin jini. Fausto ya sayo lemo mai sanyi, ya durƙusa ya tura mata kwalbar har gabanta. Kwalbar ta tsage gida biyu ba wanda ya taɓa ta.

"Ba nan ba," in ji muryar. "Wurina."

Benita ta kwana tana juya abin. Da safe ta naɗe kwalba ɗaya a cikin tsumma, ta cusa a ƙasan kwandon gwanda, ta shiga makaranta da shi. Ba ta kai ga tashi ba Malama Ofelia ta zo zagayen da take yi, ta ɗaga tsumman. Suka tsaya suna kallon juna.

"Doña Benita, ke ma?"

"Malama, ba na sayarwa ba ne. Wallahi ba yaron da zai sha."

"To na wa ne?"

Benita ta kalli ƙasan tebur. Malama Ofelia 'yar garin nan ce, ba ta buƙaci ƙarin bayani ba. Ta dafe goshi, ta rage murya.

"Kin san masu duba makarantu ba sa sallama in za su zo. In suka ga wannan, ni za a ci tara, ke a kore ki. Me zan ce musu? In ce na aljani ne? Ki duba can." Ta nuna shinge, inda hannaye ke ta shiga da fita. "Ina gani kullum, ba ni da ikon cewa uffan. Nan ɗin kawai aka ba ni. Ki mayar da ita gida. In na sake gani, ba ni da zaɓi."

Kafin mako ya zagayo, wuyan Yamili ya zama kamar na kaza. Fausto ya hau kekensa ya tafi ƙauyen da Don Hilario Dzul yake, dattijon da ya gaji sanin ganye da addu'o'in tsofaffi, wanda manoma ke kira in za su roƙi ruwa. Ya iso da la'asar, jaka a kafaɗa. Ya kunna kyandir a kusurwoyin ɗaki, ya zuba turare a garwashi, ya sa Benita ta dama farin kunun masara da zuma a ƙoƙo. Sannan ya zauna a ƙasa, ya jira.

Haske ya janye daga ƙofa. Kaji suka yi shiru. Yamili ta sauko daga raga, ta rarrafa ta wuce su kamar ba ta gan su ba. Don Hilario ya daɗe yana addu'a ƙasa-ƙasa da harshen Maya, yaren kakanninmu, kafin ya tura ƙoƙon gaba.

"Kaka, barka da yamma. Ga abincinka na asali. Da shi iyayenmu suka san ka."

Yarinyar ta sunkuya ta shinshina. Ta ture ƙoƙon da bayan hannu, kunu ya malale.

"Wanda ya ba ni wannan ya mutu, jikokinsa ma sun mutu. Da aka sare gonar aka zuba siminti, wa ya tuna da kunu? Ku kuka kawo min baƙin ruwa mai kumfa. Ku kuka koya min. Yanzu na saba, sai ku ce in ci kankana?"

"Yana kashe mana mutane, kaka. Shi ya sa aka hana."

"To wanda ke cikin jakarka fa? Na magani ne?"

Don Hilario ya yi tari, ya tura jakar bayansa. Ba wanda ya yi dariya.

"Yarinyar nan ba ta yi maka komai ba," ya ce. "Dubi yadda ta koma. Faɗi abin da za ka karɓa ka sake ta."

"Nawa, kullum."

"Za a kai maka bayan shinge, gindin bishiya. Can ba mai hanawa."

"Ni kare ne da za a jefa min abinci a waje?" Dutse ya sauka a kan rufi, kyandir ɗaya ya mutu. "A ƙarƙashin teburinta nake zaune. Na san ƙafafunta, na san hayaniyar yara. Inda teburin yake, nan nake ci. Hannun da ya saba ba ni, shi zai ba ni."

"Teburin yana inda doka ta hana."

"Ban san doka ba. Tebur na sani."

Dattijon ya roƙa, ya yi barazana da addu'ar ɗauri, ya yi tayin zuma zalla, ya yi tayin taba da naman talotalo duk shekara. Muryar ta daina amsawa. Numfashin Yamili ne kawai ake ji, yana fita da ƙyar. A ƙarshe Don Hilario ya juyo ga Benita.

"'Yata, zan iya korarsa da ƙarfi, amma jikin yarinyar ba zai ɗauka ba. Abu biyu ya rage. Ko lemon ya shiga inda teburin yake, ko teburin ya fita inda lemon yake."

"In kika fita, ba za su mayar da ke ba," Fausto ya ce a hankali. "Waje kuma kin san rana, kin san ruwan sama, kin san bakin Chela."

Benita ba ta dube shi ba. Ta durƙusa, ta leƙa ƙarƙashin tebur, ta kalli idanun da ba na 'yarta ba.

"Gobe zan fitar da teburin. Ka biyo shi. Yanzu sakar min yarinya."

Sai aka ji siririn fito ya fita ta ƙofa, ya bi titi, yana nisa har ya ɓace. Yamili ta kife a jikin uwarta. Da ta buɗe ido, da muryarta ta yi magana.

"Mama, yunwa nake ji."

Washegari kafin yara su iso, Don Hilario ya haƙa ƙarƙashin teburin, ya ciro wani ɗan mutum-mutumin yumɓu da bai fi tafin hannu ba, mazaunin mai wurin. Malama Ofelia ta juya baya tana duba allon sanarwa har aka gama. Fausto ya ɗora teburin a keke, ya zagaya da shi bayan shinge. Benita ta miƙa wa shugabar makullin rumfar da teburin ya zauna a ciki.

"Ke kaɗai ce kika bi dokar nan da zuciya ɗaya," in ji Malama Ofelia.

"To ga inda ta kai ni, Malama."

Yamili ta warke, ta koma aji. Rumfar cikin makaranta tana kulle har yau, domin ba wanda ya yarda ya karɓi wurin da yara ke wucewa a guje. Benita tana bayan waya, kusa da laimar Chela. Kwanakin farko kankana kawai ta kasa, ta koma gida da ita ta yi laushi. Yanzu akwai bokitin ƙanƙara cike da kwalaben lemo a gefenta, kuma in ɗan aji ɗaya ya zuro hannu ta rami, takan kau da kai kafin ta miƙa masa.

Ba dokar nake zargi ba, yaranmu suna buƙatarta. Abin da ke ƙona min rai shi ne an kafa ta, an bar mace ɗaya da kwandon gwanda ta yi dambe da titi guda. Da an zauna da masu tallan waje an shigo da su cikin tsarin, da an sa famfon ruwa mai sanyi a harabar, da an tallafa wa masu rumfa har yara su saba, da labarin ya sha bamban. Don haka ina roƙonku, in kuna da ɗa ko ƙani a makarantar gwamnati, ku je ku tsaya a bakin shinge lokacin tara, ku ga abin da ke shiga da idonku. Sannan ku halarci taron iyaye na gaba, ku ɗaga hannu, kada ku sauke sai an ba ku amsa a kan wanda zai kula da bayan shingen.