Hannun Daman Baba a Cikin Na'ura

Ƙafa ɗaya a cikin shagon kayan kiɗa, ɗaya a waje, Auta ta tsaya cak.

Kiɗan babanta ne ke tashi, wanda rabonta da shi tun kafin ciwo ya shanye masa hannun dama. Ga fiyano a kan tebur tana zuba shi, kuma babu kowa a gabanta. Mai shagon, wani dogon saurayi, yana can saman tsani yana jera kwalaye.

"Innalillahi! Malam, wa ya ba ka wannan kiɗan?"

Saura ƙiris ya faɗo. Ya sauko yana dafe ƙirji.

"Baiwar Allah, ko sallama babu? Da kunne na koya, na buga wa wannan 'yar na'urar ta riƙe min. Na wani tsohon gwani ne, ba za ki san shi ba."

"Shi ya haife ni."

Dogo, haka kowa ke kiransa, ya saki baki har sai da ta ce ya rufe kada ƙuda ya shiga. Ya jawo mata kujera, ya goge da hannun rigarsa, alhali kujerar fes take.

Abin da ya kawo ta ba mai tsawo ba ne. Tana da ɗan situdiyo. Manhajar da take ɗaukar sauti da ita gwana ce wajen murya, ta ɗauka, ta yanke, ta haɗa. Amma ba ta san midi ba ko kaɗan, wato riƙe bugun yatsu a kan fiyano.

"Ai manhajarki sauti take kamawa," in ji Dogo. "Ita kuwa sikwensa, irin 'yar na'urar nan, yatsu take bi. Wane madanni aka taɓa, da wane ƙarfi, aka daɗe nawa a kai. Daga baya ki rage gudu, ki ƙara, ki..."

"Na sani, ba karatu na zo ba. Zaɓi na zo yi."

"To ki sauya manhajar mana, ki ɗauki mai yin duka biyun."

"Wadda hannuna ya saba da ita? Allah ya kiyaye."

"Ki ƙara wata a kwamfutar."

"Kwamfutar da ke nishi tun yanzu?"

Ya yi dariya, ya tura mata 'yar na'urar, mai zaman kanta, ba ruwanta da kwamfuta. Ya ce abu ɗaya za ta tabbatar, ta bi agogon manhajarta, su tashi tare su tsaya tare. "In ba haka ba, auren ba zai yi ƙarko ba."

Ta harare shi. "Sifikarka ta hagu tana zuuu, ka gyara kafin ka fara ɗaura wa na'urori aure."

Ya kara kunne. Wallahi kuwa tana yi, shi bai taɓa ji ba. Daga ranar ya raɗa mata Zomo, saboda kaifin kunnenta.

Ya je ya haɗa mata wayoyin da kansa. Aikin da ba ya cin wuni, sai ga shi kullum akwai wayar da ya manta. Da yamma saƙo ya shigo:

"Zomona, na'urar tana bin agogo kuwa? Ni dai tawa zuciyar ta daina bin nawa, naki take bi."

"Dogo, ka cika surutu. Tana bi. Ka ci abinci?"

"Tambayar nan ta ƙosar da ni."

Haka abu ya kankama har maganar ta isa gida. A nan fa aka yi ta.

Akwai wani mawaƙi da ke ɗaukar murya a situdiyon Auta, ya daɗe yana kewaye-kewaye ana ba shi amsa da murmushi. Shi ne ya je gaida Baba, ya rusuna har ƙasa, ya fesa masa cewa mai shagon nan ya zuba kiɗansa a na'ura yana kiran masu saye da shi.

Baba ya miƙe tsaye, abin da ya daɗe bai yi da sauri haka ba.

"Ina raye? Ina raye za a sa akwati ya ci gadona? Kuma shi kike so ki kawo min gida, Auta?"

"Baba, ƙaunar kiɗanka ce ta sa..."

"Ƙauna? Mutumin da ke sayar da abin da ke kiɗa babu hannu! In dai ni na haife ki, ki bar maganar nan."

Auta ta yi kuka har idanunta suka kumbura. Ba za ta taɓa tsallake maganar Baba ba, kuma ba ta ga yadda za ta rayu babu Dogo ba. Mama ce ta yi ta lallashin tsohon, har ya yarda yaron ya zo ya ba da haƙuri.

Dogo ya zo, amma da na'urar a hammata. Ya durƙusa, ya ba da haƙuri, sannan ya ce, "Baba, alfarma ɗaya. Ka buga min ɓangaren hagu kawai."

Mama ta yaye zanen da ke lulluɓe da tsohuwar fiyanon. Baba ya daɗe yana kallonta, sannan ya buga, fuska a murtuke. Dogo ya rage gudun na'urar sosai, ya roƙe shi ya buga ɓangaren dama, da hagun dai, a hankali. Ya buga yana tsaki.

To, a nan Dogo ya tafka ta. Ya duba ya ga bugun Baba yana ɗan makara, ba ya faɗawa daidai kan ƙidaya. Tausayi ya kama shi, ya ɗauka ciwon ne. Ya danna madannin da ke jera kowane bugu a kan layi, ya adana a kan na farkon, ya mayar da gudu, ya kunna.

Kiɗa ya cika ɗakin, hannu biyu cif. Mama ta dafe kai. Baba ya zaro ido. Sai kuma fuskar ta fara sauyawa.

"Kashe. Wannan ba hannuna ba ne."

"Baba, ɗan daidaitawa na yi, na ga yana makara..."

"Makara?" Muryarsa ta tashi. "Ƙuruciyata kaf na ƙarar ina koyon yadda zan makara! Duk wanda ya taɓa yin rawa da kiɗana, a wannan 'yar makarar ya ɗaga ƙafa. Ita ce ka share? Dawo min da nawa."

Dogo ya duba na'urar, gumi ya keto masa. Babu na farkon.

"Fita min daga gida."

Ya fita ko takalmi bai sa daidai ba, na'urar ma a nan ya bar ta. Auta ta bi shi ƙofa.

"Kai da ka koyi kiɗansa da kunne, ba ka taɓa jin ta ba? Ka kalle shi ka ga mara lafiya, shi ke nan."

Ya juya ya tafi. Saƙonsa ya zo daga baya:

"Zomona, na kunna wanda na koya a ɗaya na'urar da ke shago, na ji babu makarar a ciki. Ashe ban taɓa iya kiɗan Baba ba. Na goge shi. Ba na neman ki yafe min yanzu."

Ta karanta, ta kife wayar, ba ta amsa ba. Amma ranta ya sosu ƙwarai.

Kwanaki suka shuɗe gidan shiru. Wata safiya Auta na shara, sai ta ji fiyano, ta ji tsaki, ta sake jin fiyano. Ta leƙa. Baba ne a gaban na'urar yana danne-danne, gilashi a kan hanci. Tsintsiya ta faɗi daga hannunta.

Bai juyo ba ya ce, "Kira min dogon banzan nan. Ki ce ya zo da hannunsa a aljihu."

Kafin Dogo ya iso, Mama ta manna filasta a kan madannin nan mai jera bugu. Baba ya buga hagu, ya buga dama da hagu, ya ce wa Auta, "Ke kunna."

Ta haɗa da manhajarta, ta danna, suka tashi tare. Kiɗan ya fito da makararsa, yana jan ƙafa kamar mai yanga. Mama ta sulale ta zauna a ƙasa tana salati. Baba ya kalli hannun damansa da ke kwance a cinya, hawaye na bin gemunsa.

"Ashe ban mutu ba," ya ce.

Can ya share ido ya dubi Dogo.

"Kai har yanzu kana nan? Tashi ka je ka turo manyanka."

Ranar auren, bayan an ɗaura, aka ga an shigo da tsohuwar fiyano. Mutanen da suka san Baba ya bar kiɗa suka fara kallon juna. Ya zauna, na'ura ta ɗauki dama, shi ya bi ta da hagu a gaban kowa. Tsofaffin abokansa suka miƙe baki buɗe, mawaƙin nan ma sai da ya tafa.

Da ya gama, ya kira ango da amarya, ya kama hannayensu da hagunsa ya haɗa.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a mai jin magana da jin kiɗa. Kai kuma Dogo, 'yata jinina ce. In ka ga ta makara, kada ka gyara ta. Ka jira ta."

Wuri ya ɗauki amin. Mu ma mun ce amin, Allah ya bar su tare.