Kuɗin Aurena da Gidan Ambo

"Kin haukace ne, Tenri? Ni zan ci kuɗin aurenki?"

Ambo, mahaifina, ya daki tebur har gahawarsa ta zube. A waje kuwa sanarwar gwanjon gidanmu da ma'aikatan banki suka rubuta da jan fenti a katangarmu tana nan, duk mai wucewa sai ya rage tafiya ya karanta.

Abin takaici, wani bankin ya yarda ya karɓi bashin gidan da sauƙin biya, amma sai an biya tsohon abin da ya taru tun da ciwo ya kwantar da Ambo. Na yi zarya har takalmina ya tsinke. Wannan ya ce sai manaja, manaja ya ce sai wancan ya turo takarda. Da ƙyar da jiɓin goshi suka ɗage gwanjon zuwa ƙarshen wata.

Shi ne Rusdi, wanda zan aura, ya zo da panai, kuɗin da ango ke kai wa dangin amarya a nan Makassar, ya ce a biya bashin da shi. Shekara da shekaru yana aikin jirgin ruwa yana tarawa saboda ni.

"Ambo, don Allah ka karɓa..." in ji shi, kansa a ƙasa.

"In kawunnanta suka ce a faɗi panai a gaban jama'a fa? In ce 'yata ta tafi kyauta? A bar ni da mutuncina!"

"Wane mutunci?" Na fashe da kuka. "Wanda aka rubuta a katanga? A bakin titi za a ɗaura auren?"

"Ƙanwata, mahaifinki ne fa..." in ji Rusdi, yana lallashina.

"Kai ma ƙyale ni, Daeng! Wallahi na gaji!" na ce masa, da sunan girmamawar da nake kiransa da shi.

Ambo ya juya ga Rusdi.

"In na karɓa, kawunnanta ba za su ba ka ita ba sai ka tara wani. Ka sani?"

"Na sani. Na riga na sa hannu, zan koma teku."

 Ashe tafiyarsa nake ta roƙo ban sani ba!

Ambo ya karɓa, gida dai ya tsira. Ranar tafiyarsa na raka shi tashar jirgi, haushinsa da sonsa sun shaƙe ni.

"Za ki jira ni, abar ƙaunata?"

Na share hawaye da bakin mayafina.

"Ina zan je, Daeng? Ai ka saya min wurin zaman jira."